Kwana a masaukin kan dutse: wa ya taɓa yi?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Ni da abokina muna shirin hawan Zugspitze, dutse mafi tsayi a Jamus, a watan Agusta, ta kwarin Reintal daga garin Garmisch. Tsayin dutsen mita 2,962 ne, tafiyar kuma ta kai kilomita 20, dole mu kwana a hanya. Abin da ya raba mana hankali: mu tsaya a masaukin Reintalangerhütte da ke ƙasa, ko mu daure mu kai masaukin Knorrhütte da ke sama, mita 2,051, don aikin gobe ya ragu? Abokina yana fama da gwiwa. Sannan yaya ake yi da sallah da abinci?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Akwai motar igiya daga tafkin Eibsee, minti goma ka ganka a ƙololuwa. Wahalar ta mece ce? Ko Dala da Goron Dutse sun yi maka kaɗan ne?

Injiniya Sani: Ka fara yin rajista da DAV, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Jamus. Ɗan ƙungiya yana biyan kuɗin kwana mai rahusa, kuma akwai inshorar ceto idan wani abu ya faru. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina kati yake aiki ba. Siririn buhun barci wajibi ne, su bargo kawai suke bayarwa. Takalmin tafiya a ƙasa ake barinsa. Na biya wajen yuro 15 a babban ɗaki.

Hajiya Turai: Sha biyar? Injiniya a wace shekarar? Mu da abincin dare da na safe sai da kowa ya ajiye sama da 70.

Injiniya Sani: Hajiya ke ba 'yar ƙungiya ba ce, kuma kin haɗa da abinci. Ni shimfiɗa kawai nake magana.

Maigida Lawal: Ɗan'uwa, ni na yi, kuma na tuba. A wani masauki ne can ɓangaren Ostiriya. Babban ɗakin da Injiniya yake yabo, katifu ne a jere kamar kwanan 'yan makarantar allo, kafaɗarka tana taɓa ta wanda ba ka taɓa gani ba. Ƙarfe goma aka kashe fitila. Wani dattijo kusa da ni ya soma minshari, ga warin safa da aka shanya, ga ciwon kai ya sa ni gaba. Da asuba ta yi, wajen ƙarfe uku da wani abu, na lallaɓa zan fita, katako ya yi ƙara, wata ta haske ni da fitilar goshi tana tsaki. Ruwan famfo kuwa ƙanƙara ce zalla, na yi alwala yatsuna suka daina ji. A ɗakin takalma na yi sallah, tsakanin jiƙaƙƙun takalma. Wanka? Kwandala ake sakawa, minti uku ruwan ya ɗauke, sabulu na kaina. Bayan na dawo gida na ga jajayen ƙuraje a jere a hannuna: kuɗin cizo. Sai da na dafa duk kayana a ruwan zafi.

Ummu Sadik: Innalillahi! Kuɗin cizo a ƙasar Turawa?

Injiniya Sani: Akwai shi, matafiya ne ke yawo da shi daga masauki zuwa masauki. Shi ya sa wasu wuraren suke saka buhun barcinka a microwave kafin ka shiga ɗaki. Amma Maigida, dare ɗaya ba ya zama hukunci.

Maigida Lawal: Wanda aka ciza shi ya san zafi. Kai da kake zuwa da abin toshe kunne ba ka gaya wa kowa ba.

Hajiya Turai: Batun abinci: miyarsu da curin burodin nan sau da yawa akwai naman alade a ciki, ka tambaya. Käsespätzle dai taliya ce da cuku da albasa. Kaiserschmarrn kuma, wato fanke mai zaƙi da ake yayyankawa, wasu suna jiƙa zabibinsa da giya. Ni da dabino da kilishi nake tafiya.

Baban Hanifa: Hajiya a ina kike samun kilishi a Munich? Wannan ita ce tambayar da ta dace.

Ɗan Gwammaja: Na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce mini na ƙasa ko na sama.

Ummu Sadik: Kafin wannan, ka tabbata abokin naka zai zo? Bara maigidana ya kama wa mutum shida wuri, ya biya kafin alƙalami daga aljihunsa. Ana gobe tafiya huɗu suka janye, wannan suna, wancan aiki. Masaukin ya riƙe kuɗin, har yau ba wanda ya ce masa sannu.

Maigida Lawal: Halinmu ke nan. Walimar Sallah ma haka aka bar mu da kuɗin zaure.

Injiniya Sani: Wannan maganar kwamiti ce, kuma ni na biya nawa, akwai rasit.

Maigida Lawal: Ban kama suna ba, Injiniya.