Muhawara: Idan zafi yana goge sawun yuraniyom a apatait, za a yarda da shekarun?

Ɗalibin aji uku: Assalamu alaikum. Darasin jiya ya tsaya min a rai. An ce ƙwayar yuraniyom 238 da ke cikin ma'adinin apatait takan tsage da kanta, ɓangarorin biyu su keta dutsen su bar sawu mai tsawon kusan maikromita 16 (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Sai a jiƙa shi da asid, a ƙirga sawun, a fitar da shekaru. To kuma an ce zafi yana goge sawun. Ni a ganina wannan lissafi ba abin dogaro ba ne.

Ɗalibar digiri na biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauka ranar haihuwar dutsen ake nema. Lokacin da ya huce ake nema. Sama da digiri 120 a ma'aunin Salsiyas, sawun ba ya daɗewa yake rufewa, don ƙwayoyin zarrar ma'adinin da aka ture suna komawa mazauninsu. Ƙasa da digiri 60 yakan zauna. Tsakanin nan kuwa gajarcewa yake yi a hankali, daga bakinsa biyu. Shi ya sa ba ƙirga kawai ake yi ba, har tsawonsa ake aunawa.

Ma'aikacin haƙar mai: Mu a wurinmu gogewar ita ce amfaninsa. Kusan a wannan tsakanin na 60 zuwa 120 ne ɗanyen mai yake nuna a ƙarƙashin ƙasa. In sawun ya gajarce, mun san dutsen ya taɓa nutsewa ya sha zafi, ko da yau a sama muka tsince shi.

Ɗalibin aji uku: Yaya, na ji. Amma a ɗakin gwaji sai an kai sama da digiri 300 kafin a goge shi cikin awa ɗaya. Ta yaya gwajin awa ɗaya zai faɗi abin da ya faru cikin shekara miliyan 50? Wa ya zauna ya gani?

Malam: Tambayarka tana kan hanya, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Shi ya sa ba a tsaya ga tanda kaɗai ba. A 1981 Gleadow da Duddy sun duba apatait da aka ciro daga rijiyoyin haƙa a yankin Otway na Ostareliya, inda aka san zafin kowane zurfi. Da ana ƙara nutsawa, sawun yana ƙara gajarcewa, shekarun suna raguwa, har suka koma sifili wajen digiri 125. Ƙasa da kanta ta yi gwajin na tsawon zamani, ta kuma nuna cewa zafi kaɗan na dogon lokaci yana yin aikin zafi mai yawa na ɗan lokaci.

Inda kake da gaskiya shi ne ba duk apatait ne ɗaya ba. Mai sinadarin kulorin da yawa ya fi mai sinadarin fulorin jure zafi, don haka ƙwayar apatait biyu a dutse ɗaya za su iya ba da shekaru daban. Wanda ya kawo min sakamako bai auna sinadaran ƙwayoyinsa ba, mayar masa da shi nake yi.

Ɗalibin aji uku: Na gode, Malam. Batun Otway ya gamsar da ni. Amma cewa ƙasa da 60 sawun yana zaune daram, a nan ban sauka ba.

Ɗalibar digiri na biyu: Kada ka sauka, ni ce na taƙaita maganar fiye da kima. Apatait ɗin Durango na Meziko, wanda ake gwada na'urori da shi, shekararsa kusan miliyan 31 ne, kuma da wuri ya huce. Duk da haka tsohon sawunsa tsakanin maikromita 14 da 15 yake, bai kai 16 na sabo ba. Ke nan ko da sanyi yana ɗan rufewa. Malam, ranar Litinin ka ba mu gilashin madubin binciken da ke ɗauke da apatait ɗin Durango mu auna tare da shi.

Malam: Ku zo ƙarfe 10. Kowa zai auna sawu 100 da hannunsa.