Allurar ƙara ƙarfi da tramol: me gwajin 'yan damben MMA yake iya kamawa?

Mai horarwa, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina horar da samari a wani ƙaramin wurin motsa jiki a Tudun Wada, kuma a cikinsu akwai ƙanen matata, wanda ya taso a gidan dambe, amma yanzu hankalinsa ya koma kan damben MMA, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji. Yaron yana da hannu, yana da juriya, kuma ba shi da burin da ya wuce ya sami gasa a Legas ko Abuja wadda za ta buɗe masa hanyar fita waje, don kullum bakinsa ba ya rabuwa da sunan Kamaru Usman da Israel Adesanya.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na tarar da ƙananan kwalaben allura a aljihun jakarsa, a naɗe cikin safa, wasu an rubuta Sustanon a jikinsu, wasu Deca. Da na matsa masa, sai ya ce wani mai ɗaga ƙarfe ne ya ba shi, kuma ya tabbatar masa cewa idan ya daina wata guda kafin wasa, ya yawaita shan ruwa da lemon tsami, babu gwajin da zai gano komai. Ban da wannan, yana shan tramol duk ranar da hannunsa ya kumbura. Da na yi masa faɗa, sai ya kafa mini hujja da tauraron MMA Jon Jones, wai an kama shi fiye da sau ɗaya, amma hakan bai hana shi ɗaukar kambun ajin masu nauyi a 2023 ba. Ina roƙon masu sani su bayyana mini yadda gwajin nan yake aiki, ko gaskiya ne ana iya wanke jiki kafin wasa, da kuma abin da zan faɗa masa wanda zai shiga kunnensa.

Mai harhaɗa magani, Barnawa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka kau da kai ba. Maganar wanke jiki da ruwa da lemon tsami ba ta da tushe ko kaɗan. Sinadarin da ke cikin Deca sunansa nandrolon, ana narka shi a cikin mai ne domin ya zauna a tsoka yana fita sannu a hankali, shi ya sa ake iya ganin burbushinsa a fitsari bayan watanni da yawa, wani lokaci ma fiye da shekara. Shi kuwa Sustanon testosteron ne, irin wanda jikin namiji yake yi da kansa, kuma a nan ne samari suke ruɗuwa, suna zaton ba za a iya bambanta na allura da na jiki ba. Ana iya bambantawa. Da farko ana auna shi da wani sinadari ɗan'uwansa da jiki yake fitarwa kusan daidai da shi, idan aka ga ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau 4 sai a zurfafa bincike. Gwaji na biyu yana duba irin ƙwayar kabon da ke cikin sinadarin, domin na masana'anta daga tsirrai ake haɗa shi, kamar waken suya da wata doyar daji, kuma wannan asalin ba ya ɓoyuwa.

Yawan shan ruwa kuma ba ya ceton kowa, don jami'in da ya zo karɓar fitsari yakan auna kaurinsa a nan take, idan ya tsinke da yawa sai ya zauna tare da ɗan wasa har ya ba da wani. A ƙa'idar hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasannin duniya, wadda aka kafa a 1999 kuma take da mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada, jami'in yana tsayawa ya ga fitar fitsarin da idonsa, ana buƙatar aƙalla mililita 90, sannan ɗan wasa ya raba shi da hannunsa cikin kwalba biyu, A da B, ya rufe su da murfin da ba ya buɗuwa sai an fasa. Ana iya ajiye samfurin har shekara 10 a sake gwada shi idan an sami sabuwar na'ura. Wanda kuma ya sha maganin sa fitsari irin Lasix don ya wanke kansa ko ya rage nauyi kafin awo, ya ƙara wa kansa laifi ne, domin shi ma yana cikin abubuwan da aka haramta a kowane lokaci.

Amma ni abin da ya fi damuna ba gwajin ba ne, jikin yaron ne. Idan namiji yana karɓar testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan daina aika wa maraina saƙon su yi nasu, sai su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani ma su ɗauke gaba ɗaya na tsawon lokaci. Wani ɓangare na sinadarin yana juyewa zuwa na mata, shi ne za ka ga ƙato mai ƙirji amma nono ya fito masa, yana jin zafi idan riga ta taɓa shi. Hawan jini yana biyo baya, kitsen jini yana lalacewa, tsokar zuciya tana yin kauri. Na sha ganin samari sun zo shago suna raɗa suna neman maganin ƙarfin maza alhali ba su kai talatin ba, idan ka bi diddigi sai ka tarar allurar ce tushen abin. Ga haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau idan ana yin allurar da sirinji ɗaya a bayan wurin motsa jiki, ga kuma jabu da suka cika kasuwa, waɗanda babu mai sanin abin da aka zuba a ciki.

Tramol kuwa, tun daga 1 ga Janairun 2024 WADA ta saka shi cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa, kuma ƙungiyar IMMAF mai shirya gasar MMA ta masu tasowa a duniya tana bin dokokin WADA. Ba ya warkar da hannu, zafin kawai yake ɓoyewa, sai yaro ya ci gaba da naushi da ƙashin da ya tsage. Yana sa jaraba, kuma idan aka sha da yawa yana jawo farfaɗiya.

Mai bibiyar UFC, Unguwar Rimi:

Malam, bari in taɓa hujjar da yaron ya kafa, domin rabin labarin Jon Jones ya sani. A Yulin 2016, kwanaki kaɗan kafin gasar UFC 200 ta UFC, babban kamfanin shirya damben MMA, aka cire shi daga babban wasan da zai yi da Daniel Cormier saboda an sami klomifen da letrozol, magungunan da ke daƙile sinadarin mata, a jikinsa, aka dakatar da shi shekara ɗaya. Ya dawo a 2017 ya doke Cormier a UFC 214, sai aka sake samun burbushin turinabol, wani maganin ƙara ƙarfi, aka soke nasarar, aka mayar wa Cormier kambu, shi kuma aka dakatar da shi wata 15. A Disambar 2018 aka sake ganin wani ɗan mitsitsin burbushi, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, masana suka ce ragowar na baya ne, amma sai da aka ɗauke gasar UFC 232 baki ɗaya daga Las Vegas zuwa jihar Kalifoniya saura mako guda. Wannan labari shi kansa ya rushe maganar wanke jiki a wata ɗaya. Sannan Jones yana da lauyoyi da masana da kuɗin biyansu, kuma kamfanin UFC yana samun riba mai yawa da sunansa, abin da yaron Tudun Wada ba shi da shi.

Ka kuma ba shi labarin T.J. Dillashaw, wanda aka kama da EPO, maganin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini don mutum ya daɗe bai gaji ba, bayan wasansa da Henry Cejudo a Janairun 2019. Ya ajiye kambunsa, ya yi shekara 2 a zaune. A gida ma muna da darasi: an cire 'yar tsere Blessing Okagbare ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, daga baya dakatarwarta ta kai shekara 11. A wannan gasar kuma aka hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Najeriya 10 shiga, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin ba-zata da doka ta nema ba.

Wannan gwajin na ba-zata shi ne ƙashin bayan tsarin. Daga 2015 zuwa ƙarshen 2023 hukumar USADA ta Amurka ce take gwada 'yan UFC, kuma dole kowane ɗan wasa ya riƙa sanar da inda yake, domin jami'i yana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba a kowace rana ta shekara. Wanda aka nema sau 3 cikin wata 12 ba a same shi ba, ana hukunta shi ko da jininsa tas yake, kuma abin da ya sami Conor McGregor ke nan, wanda aka sanar da dakatarwarsa ta wata 18 a 2025.

Sai dai ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba, kuma gara a faɗa wa yaron gaskiya. A 2016 an ɗauke wa Brock Lesnar sharaɗin watanni 4 na gwaji kafin ya dawo, ya shiga keji ya lakaɗa wa Mark Hunt duka, daga baya sakamako ya fito an same shi da klomifen. An soke nasarar, amma dukan da Hunt ya sha a kai babu mai cire masa shi. Tun daga 2024 kuma, bayan UFC ta raba gari da USADA, wani kamfani ne mai suna Drug Free Sport International yake karɓar samfuri, wata hukuma mai suna CSAD take yanke hukunci, kuma UFC ce ta kafa tsarin. A ganina, duk inda mai shirya wasa yake da hannu a tsarin da ke hukunta taurarinsa, dole mutane su riƙa sa ido.

Tsohon ɗan dambe, Rigasa:

Ɗana, jikana ne ya karanta mini abin da kuka rubuta, shi ne kuma yake rubuta amsata. Mu a zamaninmu an yi mana tsaga a hannu an shafa magani, mun ɗaura laya a cikin kara, kuma ba zan ɓoye muku cewa akwai masu shan wiwi kafin su shiga fage ba. Amma ƙarfin da muke taƙama da shi daga aiki ya zo, daga ɗaukar nama a mahauta da gudu da asuba da dukan buhun yashi, kuma idan hannu ya kumbura ubangidanka yakan hana ka wasa har sai an gasa shi da ruwan zafi ya saki. Yanzu ina zuwa kallo ina ganin yaro ya sha kisa har sau biyu, idanunsa sun juye, amma ya miƙe yana neman a ci gaba da turmi domin ba ya jin komai a jikinsa. Wannan ba jarumta ba ce, ƙwaya ce take tsaye da shi, kuma bayan 'yan shekaru za ka gan shi hannu yana rawa, magana tana sarƙewa.

Abin da nake so ka tambayi yaron nan shi ne, wanda zai kara da shi ba ɗan mutane ba ne? Mai tsere idan ya sha magani lamba ya sata, amma ɗan dambe kan ɗan'uwansa yake duka, kuma wanda ya shiga fage ya yarda ne da ƙarfin da Allah ya ba abokin karawarsa, bai yarda da na kwalba ba. Idan ya nakasa wani da wannan hannun, haƙƙi ne a wuyansa ko da babu mai gwada fitsarinsa har abada. Ka kawo mini shi Rigasa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zan zauna da shi.

Mai horarwa, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Baba, in sha Allahu za mu zo. Mun yi magana da shi daren jiya, ya ce an yi masa allurar sau biyu, tramol kuwa ya kusa shekara yana sha. Malam mai harhaɗa magani, shin ya daina duka lokaci guda? Sannan mene ne hukuncin garin furotin da yake damawa bayan atisaye, da wani tsimi na gargajiya da mahaifiyarsa take saya masa a kasuwa?

Mai harhaɗa magani, Barnawa:

Allurar ya daina ta yau, kada a ƙara ko ɗaya, kuma kada ya karɓi wasu ƙwayoyi da za a ce masa suna dawo da jiki daidai, domin yawancinsu irin klomifen ɗin nan ne da aka ambata, su ma haramtattu ne. Tramol kuwa kada ya yanke shi dare ɗaya bayan shekara guda, don zai yi fama da gumi da rawar jiki da rashin barci da ƙunci, abin da ke mayar da mutane da yawa ruwa. Ka kai shi wurin likita a rage masa a hankali, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Barnawa yana kula da masu wannan matsala. A auna hawan jininsa, a duba hantarsa da ƙodarsa, a gwada ciwon hanta da ƙanjamau idan bai tabbatar da tsabtar sirinjin ba, sannan a ɗauki hoton hannun da yake kumbura.

Game da garin furotin da tsimi, dokar gwaji ba ta tambayar niyya a matakin farko: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ne zai amsa. An dakatar da Yoel Romero wata 6 a 2016 saboda wani abin ƙarin kuzari da ya saya wanda aka gauraya da haramtaccen sinadari ba tare da an rubuta a jikin robar ba, kuma sai da ya gabatar da robar aka gwada kafin a sassauta masa. A nan gida kuma wasu masu haɗa tsimi suna niƙa deksametason, wani maganin rage kumburi, ko tramol su zuba don mai sha ya ji aiki nan take. Saboda haka duk abin da ba shi da lambar NAFDAC da cikakken bayanin abin da ke ciki, ya bar shi, kuma ku roƙi mahaifiyarsa cikin ladabi ta mayar da kuɗin kan ƙwai da wake da kifi da nono. Ku sami littafi ku riƙa rubuta kowane magani da ya sha da ranar da ya sha, ku ajiye kwalinsa. Idan wata rana likita ya rubuta masa maganin da ke cikin jerin haramtattu saboda wata cuta ta gaskiya, kamar asma, akwai takardar izini da ake cikewa a miƙa wa masu shirya gasar, kuma kafin wasa ake neman ta.