Wai da gaske na'ura tana gina gida ba bulo?

Abu_Hanan:
Salam 'yan uwa, don Allah masana harkar gini ku fahimtar da ni. Ana ta yaɗa bidiyon wata na'ura wai firintar 3D tana zuba siminti layi kan layi har bango ya tashi, ba bulo ba magini. Shin ginin nan yana da ƙwari kuwa? Kuma ina rodi yake shiga, ni dai ban ga an sa ko ɗaya ba.

Injiniya_MB:
Wa alaikumus salam. Da gaske ne malam, a Dubai tun 2016 aka buɗe ofis da aka yi da ita, a Jamus ma an gama gida mai bene a garin Beckum a 2021, kamfanin ICON kuma ya yi unguwa mai gida 100 a Texas. Amma abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne bango kawai take yi. Fandisho, rufi, wayarin, famfo, ƙofa da taga duk hannu ne. Rodin ma yana nan, bangon ana yinsa fuska biyu a bar rami a tsakiya, inda fila za ta tsaya sai a zura rodi a cika da kankare. Wahalar tana wajen kwaɓin, dole ya yi laushin da zai bi ta cikin tiyo kuma ya kama da wuri ya ɗauki layin da za a ɗora masa, in na ƙasa ya bushe da yawa kafin na sama ya hau to ba za su haɗu ba, nan rauni yake shiga.

Ummu_Sadiq:
Ni mai zanen gini ce, abin da ya fi burge ni bango mai lanƙwasa, da katako sai an sha wahalar haɗa masa akwatin zuba kankare amma ita duk ɗaya ne a wajenta. A Italiya har da kwaɓin yumɓu irin wannan na'ura ta gina wani gida mai suna TECLA.

Abu_Hanan:
Na gode ranka ya daɗe Injiniya, Hajiya na gode. To ya fi araha kenan?

Injiniya_MB:
Ba lallai ba gaskiya, kwaɓin yana cin siminti sosai kuma yawanci ba a sa manyan tsakuwa, ga kuɗin na'urar da jigilarta. Sai in gidaje da yawa za a yi iri ɗaya a fili guda sannan lissafin yake fita.