Ta yaya ake auna juriyar layin wutar ƙauye idan guguwa ta zo?

Ɗalibin Lantarki: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Firojet ɗina a kan yadda ake gane ko layin wutar karkara zai jure mahaukaciyar guguwa irin ta Amurka ne, na fara da SAIDI da SAIFI amma raina bai kwanta ba, wai su kaɗai sun isa?

Baban Injiniya: Wa alaikumussalam ƙanina. Gaskiya ba su isa ba. SAIFI sau nawa aka ɗauke wa gida wuta a shekara, SAIDI kuma minti nawa aka kwashe a duhu, duka matsakaici ne. Kuma a IEEE 1366, ƙa'idar da injiniyoyi ke bi wajen wannan lissafi, ana ware ranakun babban bala'i a ajiye su gefe, ka ga ranar da kake nema ita ce aka cire kenan. Ka ƙirga gidajen da ba wuta awa bayan awa, tun saukar guguwa har a haɗa gida na ƙarshe.

Hajiyar Lissafi: Gidan ƙarshen nan shi ne maganar wallahi. Duba tsibirin Puerto Rico, guguwar Maria ta faɗa musu 20 ga Satumba 2017, wasu sai Agusta 2018 suka ga wuta, kusan wata 11, kuma garuruwan kan duwatsu ne suka fi jira bayan San Juan, babban birnin, ta daɗe da samun tata. Layin ƙauye hanya ɗaya yake bi, in ya tsinke a tsakiya duk na gaba sun shiga duhu, su kuma masu gyara inda jama'a da asibitoci suke nan suke farawa. Ka ware lissafin ƙauye daban, kar birni ya haɗiye shi.

Ɗan Tasha: Ni ba injiniya ba ne amma ka sa hanyar mota a lissafinka. Garinmu iskar farkon damina ce kawai ta kayar da falwaya, waya na kwance cikin gonar gero, motar gyara ta kasa tsallake rafi, mai injin niƙa ya rufe, mata suka koma turmi har sati uku. To ina ga guguwar Ida ta 2021 da ta lalata falwaya sama da 30,000 a jihohin Louisiana da Mississippi na Amurka, a ina ma za a samo sabbi da taransifoma lokaci ɗaya?

Ɗalibin Lantarki: Allah ya saka da alheri, zan ƙara hanya da kayan ajiya. Baba Injiniya, gidan da ke da sola in ƙirga shi cikin masu duhu ko a'a?