Wace altaneta ce za ta jure a tsohuwar Massey 165?

Manomi, Daura: Assalamu alaikum. Tarakta ce MF 165 mai injin Perkins, har yanzu dainamo ne a jikinta, batir ba ya cika. Ana so a mayar da ita altaneta, wato na'urar cajin batir ta zamani, ga fitilun aiki huɗu za a ƙara saboda haro da dare. Wace iri za ta jure ƙura da zafinmu? Wasu sun ce a sa mai amfiya 100.

Mai riwaya, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bar batun amfiya 100. Dainamon Lucas C40 da waɗannan taraktoci suka zo da shi amfiya 22 yake bayarwa, kuma injin dizal idan ya tashi ba ya cin wuta. Mai 45 zuwa 65 ta wadatar, kamar Lucas 18ACR ko A127, ko Delco 10SI. Babbar za ta iya jan fambel ɗaya har ya yi santsi ya ƙone.

Fuli, wato ƙarfen da fambel ke hawa yana juya shi, nan ne wurin da aka fi faɗuwa. Tarakta ba ta wuce juyi 2,200 a minti, ita kuwa altanetar mota an yi ta ne don injin da ke gudu. A nemi fulin da ya kai rabin na ƙasan inji ko ya ɗan gaza, don ta yi juyi biyu kafin inji ya yi ɗaya, in ba haka ba a silo ba za ta yi caji ba. A duba faɗin kwarin fulin ma: fambel mai milimita 13 ba ya zama a kwari mai 10, sama yake hawa, gefensa ya cinye. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar fuli ukun da fambel ke bi a ga sun yi layi ɗaya, domin karkata kaɗan tana kashe boris. Idan an danna tsakiyar fambel da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya, ya yi.

Bakanike, Funtuwa: Oga ya gama magana. Kafin a haɗa waya a duba wane kan batir ne ke jikin bodi. Tsofaffi da yawa fozitif ne a bodi, altaneta kuwa negatif take so. In aka haɗa a juye, dayod ɗin da ke cikinta, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya, sun tafi nan take. A juya batir, a musanya wayoyin mitar amfiya, a cire akwatin katawut, mai daidaita cajin dainamo, gaba ɗaya. Daga babbar tashar altaneta, B+, a ja waya mai kaurin 10mm² zuwa babban noti na kik. Ƙaramar tasha, D+ ko IND, ta bi ta ƙwan caji mai wat 2 zuwa makulli. Ba LED ba, don Allah, ba ya tura wutar da za ta tayar da ita. Inji na aiki, mita ta nuna volt 13.8 zuwa 14.4 a kan batir.

Mai Ford 4000 ko 5000 ya sani cewa kebul ɗin agogon da ke nuna juyin inji daga bayan dainamo yake fitowa, sai ya nemi altaneta mai wannan mahaɗin.

Manomi, Daura: Madalla, Allah ya saka. To sabuwa ta kwali ko ta hannu?

Mai riwaya, Ƙofar Ƙaura: Ni dai na fi son wadda za a samu kabon, regileta da boris ɗinta a nan gida ko a Ƙofar Ruwa a Kano. Ta hannu ta asali, a canza mata kabon da boris mai rufin roba gefe biyu, ta fi sabuwa mai arha wadda aka naɗa da siririyar waya. A leƙa naɗin, in ya yi baƙi ko yana ƙauri a ajiye ta. Lokacin hunturu da casar gero ƙaiƙayi kan toshe ramukan iska na baya, zafi ya kashe dayod, don haka a riƙa hure ta da iskar falkanaiza duk mako, ban da ruwa. Kada a cire kan batir inji na aiki wai gwajin caji, kuma a zare wayoyinta kafin mai walda ya taɓa taraktar.