Zauren 'Yan Arewa a Legas: abincin da ke gyara jikin namiji

Baban Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah ban da wasa. Wata huɗu ke nan jikina a mace, in tashi da safe kamar an kwana ana dukana, harkar iyali ma sai a hankali. Shekarata 43. Wane abinci ko abin sha ne ke daidaita sinadaran jikin namiji?

Ɗan Katsina, Mile 12: Wa alaikumus salam Yaya. Kunun aya da dabino da kwakwa, a jefa citta kaɗan, ban da suga, dabinon ya wadatar. Busasshiyar aya ka saya, ka jiƙa ta ta kwana. Amma a ranar za ka shanye, da zafin Legas da rashin wuta, kafin la'asar ya yi tsami.

Malam Idi, Obalende: Basir ne kawai. Akwai wani mai jiƙo kusa da mu, ƙaramar kwalba ɗaya ta isa.

Habu Nas, Idi-Araba: Malam, Allah ya gafarta, komai ya sami Bahaushe sai a ce basir ko sanyi. Ire-iren kwalaben nan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha yin gargaɗi a kansu. An sha samun masu zuba sildenafil a ciki, sinadarin da ke cikin Viagra, ba awo ba ƙa'ida, a ce maka sassaƙe ne. Mai ciwon zuciya da ke shan magani zai iya zubewa.

Baban Ummi, sinadarin da kake nufi sunansa testosteron. Jiki na buƙatar sinadarin zinki da bitamin D wajen haɗa shi. Zinki yana cikin jan nama, hanta, agushi, riɗi, gyaɗa da wake. Bitamin D kuwa kifi mai maiƙo irin titus da sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hasken rana. Sai dai abincin nan giɓi yake cikewa, ba ya mayar da ɗan 43 ɗan 20. Ƙarfe nawa kake kwanciya?

Baban Ummi, Agege: Gaskiya sai 12 ta gota. In na baro Apapa cunkoso ya riƙe ni, na kan tsaya wajen mai shayi in ci Indomie biyu da biredi da lemon kwalba. Ƙarfe 4:30 na tashi.

Habu Nas, Idi-Araba: To ai ga ɓarawon nan a cikin gida. Yawancin sinadarin nan cikin barci jiki ke haɗa shi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita wa samari lafiyayyu barci zuwa awa 5 na mako guda, sai ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Samari fa! Ga kuma tumbi: kitsen ciki yana juya sinadarin namiji ya koma irin na mata. Ka je a auna maka suga da hawan jini, ciwon suga kan fara sallama ta wannan ƙofar. In za a gwada testosteron, da safe ake ɗibar jinin, tsakanin 7 da 10.

Alhaji Mai Rago, Alaba: Ɗana, ka saurari Habu. Ni shekara biyu da suka wuce na daina lemo, na koma zoɓo marar suga da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Tuwon dare na raba biyu. Wandunana sai da tela ya rage su, Hajiya ce shaida, ba sai na yi dogon bayani ba.

Ɗan Katsina, Mile 12: Hahaha Baba Alhaji ya gama magana. Amma Habu, ayar tawa fa?

Habu Nas, Idi-Araba: A sha, ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Abinci ce mai kyau, kada dai a ɗora mata aikin likita. Mai ciwon suga ya rage dabinon. Zoɓo kuma yana sauke hawan jini, wanda ke kan magani ya faɗa wa likitansa.

Malam Idi, Obalende: Ni dai kakanninmu da gagai da zuma suka rayu.

Alhaji Mai Rago, Alaba: Kakanninmu bayan isha'i suke kwanciya, Malam, da safe su ɗauki fartanya. Ba su san gadar Third Mainland ba.

Baban Ummi, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Asabar zan je gwajin in sha Allahu. Ɗan Katsina, ajiye mini mudu biyu na aya, zan aiko yaro gobe.