Kogon Hercules na Tanja: abin zuwa gani ne ko asarar kuɗi?

Baban Ummi, Tudun Wada: Jama'a, ƙanena da ke karatu a Maroko ya turo min hoton wani kogo a bakin teku kusa da Tanja, bakinsa kamar taswirar Afirka. Wai in na je wurinsa sai ya kai ni. Na ce masa mutane ne suka sassaƙa shi don su ci kuɗin baƙi. Wanda ya hau Dutsen Kufena ya hango Zariya da yamma, me zai je nema a cikin rami?

Malama, Samaru: Baban Ummi, hannun mutum ya taɓa kogon, wannan gaskiya ne, amma ba don baƙi ba. Asalinsa igiyar Tekun Atlantika ce ta yi ta cin dutsen har ta huda shi. Daga baya mutanen yankin suka riƙa yanko dutsen niƙa daga bangonsa, shi ya sa cikinsa ya ƙara faɗi. Na shiga, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne zagaye-zagayen da ke jikin bango har sama, kowane ɗaya gurbin dutsen da aka ciro aka kai wani gida aka niƙa hatsi. Ga sanyi, ga ƙugin ruwa yana bugun dutse har ka ji a ƙirjinka. Mu da ba mu da teku, wallahi wannan kaɗai ya isa dalili.

Alhaji, Ƙofar Doka: Ni sunan ne ya dame ni. Hercules ai na tatsuniyar Girkawa ne, wai a nan ya kwana. Musulmi ya kashe kuɗin jirgi don wannan?

Malama, Samaru: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba wanda ke zuwa bauta a wurin. Suna ne kawai ya bi shi. A Suratul Ankabut an ce mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Kuma a Tanja aka haifi shahararren matafiyin nan Ibn Battuta a 1304, wanda ya kai har Mali da Takedda.

Ɗan Sabon Gari: Taswirar ma daga ciki a juye take, sai daga teku take daidai. Nisansa da gari kamar kilomita 14 ne, kuma kusa da shi akwai hasumiyar fitila ta Cap Spartel da aka gina a 1864. Amma Baban Ummi na da hujja ta wani gefen. Mu nawa ne a nan muka taɓa zuwa kogunan Marshall da ke Yankari? Ganuwar Zazzau tana zubewa muna kallo, wasu ma suna ɗibar ƙasarta.

Baban Ummi, Tudun Wada: To ka gani! Namu ya lalace, mu tafi ganin na wasu?

Malama, Samaru: Ai a can na ga abin da ya sa nasu bai lalace ba: an yi matakala, an sa fitilu, akwai masu gadi. Da za a samu ko allon bayani mai kyau a gindin Kufena, da malaman makaranta sun riƙa kai yara.

Alhaji, Ƙofar Doka: Na ji batun ayar. Amma Baban Ummi, in ka je, kada ka sauka kusa da ruwan, duwatsun bakin teku santsi gare su.

Baban Ummi, Tudun Wada: In Allah ya kai ni zan shiga, Alhaji. Amma har yanzu ban yarda ruwa ne kaɗai ya fitar da taswirar nan ba.